Ƙungiyar Yes ba Jon Anderson, ba Chris Squire: in sayi tikiti ko in riƙe kuɗina?

"Assalamu alaikum yaya. Ni ɗalibi ne a nan Ingila, wani malaminmu ne ya fara kunna min faifan ƙungiyar Yes, tun daga ranar na kamu da son kiɗansu musamman na shekarun 1970. To yanzu naga za su zo wasa wani gari kusa da mu, amma da na duba sunayen sai naga ba Jon Anderson, ba Chris Squire, ba Rick Wakeman, kusan kowa sabo ne. Kuma kuɗin tikitin ba ƙarami bane ga ɗalibi. Don Allah wannan ɗin Yes ce ko suna ne kawai ya rage? In je ko in haƙura?"

Wa alaikumus salam ƙanena. Tambayarka biyu ce a haɗe, ta farko ko ƙungiyar da aka canza mata kusan kowa tana nan a matsayinta, ta biyu ko abin da za ka ji a daren ya kai kuɗin da za ka fitar. Ni sana'ata haɗa sauti ce, na daɗe ina zama bayan miksa, wato na'urar daidaita sauti, a ɗakunan wasa ƙanana da matsakaita, ina kuma taɓa jitar bes mai kaurin sauti, kuma na kalli Yes lokacin Squire yana raye na kuma kalle su bayan rasuwarsa, don haka da kunnen mai aikin sauti zan amsa maka. A gajarce dai ina ganin ka je, amma akwai abubuwan da nake so ka sani kafin ka biya, saboda wanda ya shiga ɗakin da tunanin zai ga 1972 ransa ne zai ɓaci a banza.

Canjin mutane ba yau ya fara ba a Yes

An kafa ƙungiyar a Landan a 1968, mutum biyar ne: Jon Anderson a waƙa, Chris Squire a bes, Peter Banks a jita, Tony Kaye a kibod, Bill Bruford a ganguna. Kafin su yi suna sosai ma an riga an fara sauyi, Steve Howe ya karɓi jita a 1970, Rick Wakeman ya karɓi kibod a 1971. To kaga wancan haɗin da kake ji a matsayin ainihin Yes, wato Anderson da Squire da Howe da Wakeman da Bruford, faifai biyu kacal suka yi tare a wancan zamanin, Fragile a 1971 da Close to the Edge a 1972, kuma suna gama na biyun Bruford ya tattara ya koma ƙungiyar King Crimson tun ba a fara zagayen wasan faifan ba. Alan White, wanda ya taɓa yi wa John Lennon kiɗa, shi aka ɗauko, kwana uku aka ba shi ya haddace waɗannan dogayen kiɗe-kiɗen masu wuyar tsiya ya hau dandamali. Ma'ana mutanen da suka sayi tikiti a 1972 don su ji sabon faifan, su ma ba mai gangar da ya buga a faifan suka gani ba. Irin tambayar da kake yi yau akwai waɗanda suka yi ta tun kafin a haifi ni da kai.

Daga nan abin bai tsaya ba. Wakeman ya fita a 1974 Patrick Moraz ya shigo, Wakeman ya dawo, a 1980 shi da Anderson duk suka fita aka kawo Trevor Horn a waƙa da Geoff Downes a kibod aka yi faifan Drama. Horn ya sha wuya a wancan zagayen don muryarsa ba ta kai saman da ta Anderson ke kaiwa kowane dare, masu kallo a Ingila ma wasunsu ba su ɓoye rashin jin daɗinsu ba, amma yau ka tambayi tsofaffin masoya za ka ji da yawa suna sa Drama cikin faifan da suka fi so, har ƙungiyar ta buga shi daga farko zuwa ƙarshe a zagayen 2016. A 1983 ƙungiyar ta sake haɗuwa, Anderson ya dawo, aka kawo Trevor Rabin ɗan Afirka ta Kudu a jita, salo ya canza gaba ɗaya ya koma gajerun waƙoƙin rediyo, kuma a lokacin ne suka samu waƙarsu ɗaya tilo da ta hau lamba ta ɗaya a Amurka. A 1989 ƙungiyoyi biyu ne ma a ƙasa, ɗaya tana riƙe da sunan ɗaya kuma tana amfani da sunayen mutanenta huɗu, Anderson Bruford Wakeman Howe, sai a 1991 aka haɗe su mutum takwas a dandamali ɗaya, masu ganga biyu masu jita biyu masu kibod biyu.

Wanda ya shafe ka kai tsaye shine na baya-bayan nan. A 2008 Anderson ya kamu da ciwon numfashi mai tsanani, sauran suka ci gaba da Benoît David ɗan Kanada wanda dama a wata ƙungiyar masu kwaikwayon Yes yake waƙa, sannan a 2012 Jon Davison ya karɓa kuma shine har yanzu. Squire ya rasu a watan Yunin 2015 sakamakon kansar jini, kuma shi kaɗai ne ya kasance a kowane faifai tun daga na farko har zuwa lokacin. Kafin ya rasu shi da kansa ya nemi Billy Sherwood ya riƙe masa bes. Alan White ya rasu a watan Mayun 2022, Jay Schellen wanda tun 2016 yake taimaka masa a ganguna lokacin da ciwon baya ya matsa masa shi ya zauna a kujerar. Don haka gaskiya ne, a cikin biyar ɗin 1968 babu ko ɗaya a ƙungiyar yanzu, Howe ne mafi daɗewa, sai Downes da ya dawo a 2011.

Me kunnenka zai rasa

Kowa muryar Anderson yake fara ambata, kuma da dalili, murya ce siririya mai tsayi da ɗan kaushi a ƙarƙashinta, ga karin harshen arewacin Ingila da bai taɓa rabuwa da shi ba. Davison yana kaiwa duk inda waƙar ta kai, bai fiya kuskuren sauti ba, muryarsa ta fi laushi da santsi, wannan ɗan kaushin ne babu. Minti goma na farko za ka ta lura da bambancin, bayan nan kunne yana sabawa, na ga haka a kaina na kuma ga haka a mutanen da muka zauna kusa.

Wanda kunne baya saurin sabawa da shi, a wajena, shine rashin Squire, kuma nan nake so in ɗan tsaya don mutane ba su cika gane girman abin ba. A yawancin kiɗan rok mai bes yana can ƙasa ne yana riƙe gindin waƙa tare da babbar ganga, ba a jin sa sai in ya tsaya. Squire ya juya wannan. Jitarsa Rickenbacker ce, da tsinken bugu yake kaɗa ta ba da yatsu ba, wayoyinta irin masu kaifin sauti ne, sannan ya raba sautin gida biyu, mai nauyin ya tafi amfilifayar bes mai kaifin ya tafi amfilifayar jita, shi yasa kake jin bes ɗin yana gurnani a ƙasa kuma yana ƙara kamar ƙarfe a sama lokaci guda. Kuma ba raka waƙa yake yi ba kawai, nasa layin daban yake ja, wani lokaci Howe yana hawa shi yana sauka, wani lokaci shine ma ke ɗauke da karin waƙar sauran suna binsa. Ga wanda ke bayan miksa wannan ba ƙaramin lamari bane, don irin wannan bes ɗin yana cin wurin da jita da murya suke zama, dole ka gina duk sauran sautin a kewayensa. Na taɓa aiki da wata ƙaramar ƙungiya da mai bes ɗinsu ya tafi aka kawo wani, yaron ya iya hannunsa sosai kuma bai bar ko sauti ɗaya ba, amma sai da na sake saita komai tun daga ganga har murya saboda nauyin hannunsa daban ne, inda yake danna bugu daban ne, shi yana ɗan jinkirtawa bayan ganga wancan kuma yana ɗan riga ta. Abu ne da bai kai ƙiftawar ido ba amma shi ke sa jikin mai sauraro ya motsa ko ya zauna.

Sherwood ya san aikin Squire fiye da kusan kowa, sun yi shekaru suna aiki tare har sun fitar da faifai su biyu, kuma shi kansa ya taɓa zama ɗan Yes daga 1997 zuwa 2000. Layukan duk yana buga su daidai, sautin ma ya kusanto sosai. Abin da ba a iya gada shine yadda Squire yake tura ƙungiyar gaba kamar mai jin haushi, da yadda in ya taka fedar bes, wato matakin ƙafa mai fitar da sauti mai nauyi, kujerar da kake kai take rawa. Sannan akwai abu na biyu da aka rasa tare da shi, wato muryarsa. Squire tun yana yaro a ƙungiyar waƙar coci ya koyi haɗa murya, kuma wannan amshin mai hawa uku da ka sani a Yes, Anderson a sama Squire a gefensa Howe a ƙasa, rabin daɗinsa daga Squire yake fitowa. Yanzu biyu daga cikin muryoyin ukun sababbi ne. Suna haɗuwa lafiya, amma launin ya canza, kuma in ka saba da faifan za ka ji.

Sai maganar sauri. A kunnena wasu waƙoƙin yanzu ana buga su a hankali fiye da yadda suke a faifan wasansu na 1973, wanda a can kamar ana korarsu suke gudu. An haifi Howe a 1947, ka lissafa shekarunsa, kuma sassan jitarsa ba masu sauƙi bane ko ga matashi. A shekarun ƙarshe na White jinkirin ya fi fitowa fili, zuwan Schellen ya ɗan dawo da ƙarfin. Jinkirin yana da ribarsa, don sai ka ji ƙananan abubuwan da gudu ke ɓoyewa, amma wuraren da aka rubuta don su firgita mai ji suna rage zafi.

Me ya rage, kuma me yasa nace ka je

Kiɗan furog rok, wato salon dogayen kiɗe-kiɗen da Yes ke yi, ya bambanta da sauran rok ta wani waje mai muhimmanci ga tambayarka. Waƙar minti uku da aka gina kan mutum ɗaya da halinsa, in ya tafi ta mutu. Amma kiɗan da ya kai minti 18 ya cinye fuskar faifai guda, mai sassa huɗu, ƙirgen bugu yana canzawa a tsakiya, wani karin da aka ji a farko ya dawo a ƙarshe da wata kama, wannan gini ne da aka tsara, yana iya tsayuwa ko magininsa ba ya nan matuƙar masu bugawa sun iya kuma sun damu. Kuma jin sa a ɗaki da manyan sifiku, iska tana bugun ƙirjinka, wurin da komai ya yi tsit sai ƙarar ogan ta cika ɗakin, wallahi ba abin sauraro na maƙalawa a kunne da ke ba ka wannan. Gani ya kori ji.

Mu ma a gida mun san irin wannan. Babban makaɗin fada ya rasu, ɗansa ko ƙaninsa ya ɗauki ƙungiyar da ƴan amshin da suka rage da kotsunansu ko taushinsu, a je gaban sarki a yi waƙoƙin marigayi. Ba wanda ke cewa muryar ɗan ta zama ta uban, tsofaffi ma za su gaya maka inda ya gaza, amma ba wanda ke cewa kuma a daina, don tsoffin ƴan amshin nan da suka yi shekaru a bayan marigayin suna ɗauke da abin da ba a rubuta ba, inda ake jan numfashi, inda ake sassautawa. A Yes ta yanzu Howe ne wannan mutumin. Shi ya rubuta yawancin waɗancan sassan jitar tare da Anderson, hannunsa ne a faifan da malaminka ya kunna maka, kuma har yanzu in ya ɗauki jitarsa Gibson ko ya zauna shi kaɗai da jitar katako ana yin shiru a ɗakin. Mutumin da ya kai waɗannan shekarun ba ka da tabbacin zagaye nawa ya rage masa. Squire da White sun isa misali, akwai masu cewa bari sai zagaye na gaba, na gaban ya zo babu su.

Ba kowane canji ne ke yin kyau ba, kar in nuna maka kamar haka ne. Ka dubi ƙungiyar Genesis. Mawaƙinsu Peter Gabriel ya fita a 1975 kowa ya ɗauka sun gama, sai mai gangarsu Phil Collins ya fito gaba ya karɓi waƙa, suka ma fi da girma, saboda dama muryarsa tana cikin amshi tun da, kuma marubutan kiɗan Tony Banks da Mike Rutherford suna nan. Amma da Collins ya tafi a 1996 aka kawo Ray Wilson, mawaƙi ne mai kyau, faifai ɗaya aka yi a 1997, zagayen Amurka ma soke shi aka yi don tikiti bai sayu ba. King Crimson kuwa jagoranta Robert Fripp ya mayar da canjin mutane tsarin aikinsa, daga 2014 har masu ganga uku ya jera a gaban dandamali, kuma ba wanda ya ce ba Crimson bace. Abin da nake dubawa a irin wannan shine ko akwai wanda ya rubuta kiɗan a cikinsu, ko sababbin sun daɗe tare har sun zama ƙungiya ba ƴan haya ba, ko kuma suna yin sabon abu. Yes ta yanzu ta cika ukun gwargwado, Davison ya haura shekara goma a ciki, sun fitar da faifai a 2021 da wani a 2023. Ni dai sababbin faifan ba su kama ni kamar tsofaffin ba, na 2023 ya fi na 2021 ƙarfi a kunnena, amma ko ba komai suna nuna mutanen ba zaman cin tsohon suna kawai suke ba.

Inda maganata ta tsaya kuwa shine ni ban ga Yes ta shekarun 1970 da idona ba, a faifai da bidiyo na san ta kamar kai, kuma kunnen mai miksa yana yafe abin da zuciyar masoyi ba ta yafewa. Akwai waɗanda na sani da suka rantse ba za su taka ƙafa ba tunda aka ci gaba babu Anderson lokacin yana jinya, suna ganin ba a kyauta masa ba, kuma ban taɓa ƙoƙarin canza musu ra'ayi ba don wannan maganar amana ce ba ta sauti ba. In kai ma muryar Anderson ce ta ja ka tun farko, to ka sani yana nan yana waƙa, a ƴan shekarun nan yana zagaye da wasu ƙwararrun makaɗan Amurka da ake kira Band Geeks suna buga tsofaffin dogayen waƙoƙin da zafinsu, sun ma fitar da faifai tare a 2024. Kafin nan a 2017 da 2018 shi da Rabin da Wakeman sun yi zagaye da sunan Yes su ma, lokacin ƙungiya biyu ke amsa sunan. Don haka ka karanta takardar tallan da kyau ka tabbatar wacce za ka gani.

Kafin ka biya

Ka shiga YouTube ka nemo bidiyon da masu kallo suka ɗauka da waya a wannan zagayen da ake ciki, ba wanda ƙungiyar ta gyara ta saki ba. Sautin wayar ba daɗi amma ba ya ƙarya kan sauri da murya. Ka kalli waƙa ɗaya doguwa har ƙarshe, in ka ji tsigar jikinka ta tashi duk da mugun sautin to a ɗakin abin zai ninka. Ka kuma duba jerin waƙoƙin da suke bugawa, don tun 2013 suka ɗauki al'adar buga faifai guda ko fiye daga farko har ƙarshe, a 2022 ma Close to the Edge suka buga na cikarsa shekara 50. In faifan da aka zaɓa wannan karon ba ka san shi ba, ka saurare shi sosai kafin ranar, irin wannan kiɗan wanda ya san hanya ya fi jin daɗin tafiyar.

Wajen kujera kar ka kashe kuɗinka a layin gaba. Can gani ne mai kyau amma sauti mara kyau, manyan sifikun suna harba sauti ta saman kanka, abin da zai iso maka ganga ce da amfilifayar wanda ke gabanka. Ka nemi tsakiyar ɗaki kusa da inda mai miksa yake zama, don abin da yake ji shi yake gyarawa, kuma sau da yawa tikitin wurin ya fi araha. Ka guji can ƙarƙashin bene na sama inda rufi ya sauko, bes yana taruwa a wurin ya zama gunji. In kuɗin ya matse, layin farko na benen sama ma yana da kyau. Wasanninsu yawanci a ɗakunan zama ake yi, mutanen da za ka tarar akasari dattawa ne masu sauraro tsit, ba turereniya ba hayaniya, akan yi hutu a tsakiya, sai ka lissafa lokacin magariba da isha tun daga gida musamman in lokacin zafi ne da rana ke daɗewa ba ta faɗi ba, ka kuma duba jirgin ƙasa na ƙarshe zuwa garinku don wasan yakan haura awa biyu. Ka tafi da abin toshe kunne irin na makaɗa, mai rage ƙara ba tare da ya dusashe sauti ba, ba shi da tsada a shagunan kayan kiɗa, kuma da yawa daga abokan aikina da suka raina shi yanzu da ƙara a kunne suke kwana.

In ka zauna, waƙar farko ka bar idonka ya ƙoshi, daga ta biyu ka sa kunnenka kan bes da ganga ka ji ko suna tafiya tare, sannan ka bi hannun Howe duk lokacin da ya canza jita, don a waƙa ɗaya yakan canza sau da yawa kuma kowacce da dalilinta. In ka dawo ka rubuto min yadda ka ji Sherwood, ina son jin ra'ayin wanda bai taɓa ganin Squire a dandamali ba. Allah ya ba da sa'ar karatu.